FILIN MAKARANTA: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya, Ko Da Jirgin Na Kwamfuta Ne

A wannan wata za mu ajiye alli gefe guda mu shiga ɗakin kwamfuta, domin mu tattauna a kan wani abu da yawancin iyaye suke ɗauka wasan yara ne, wato manhajar nan da ke kwaikwayon tuƙin jirgin sama.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne ƙorafin da muke yawan ji daga bakin malamai 'yan'uwanmu da samarin zango. Sai mutum ya ƙona kuɗin data ya sauko da manhajar, ya zauna yana ɗoki, da ya buɗe ta sai ya tsinci kansa cikin duhu a wata ƙasa da bai taɓa jin sunanta ba, injin jirgi a kashe, hoto yana tafiya yana tsayawa kamar tsohuwar roka a hawan tudu. Kafin rabin sa'a ya gaji ya rufe, ya ce ai wannan abu ba irin namu ba ne, na masu manyan kwamfutoci ne a Turai. To, wannan magana ta ƙarshe ita ce ta dame mu, domin kuwa yaron da ya yanke wa kansa hukunci haka a kan manhaja, gobe zai yanke shi a kan sana'ar baki ɗaya, alhali kuwa yawancin abin da ya kore shi ana gyara shi cikin minti goma, tun kafin a tayar da inji. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Jirgin kwamfuta ma akwai shirin da ake yi masa kafin tashi, kuma a ganinmu a cikin wannan shiri ne rabin karatun yake.

ASALIN ABIN

Koyon tuƙin jirgi a ƙasa ya girmi kwamfuta. Tun a 1929 wani Ba'amurke mai suna Edwin Link ya ƙera wani akwati mai kama da mazaunin matuƙi, wanda yake karkata dama da hagu da taimakon zuga-zugi irin waɗanda ake sa wa kayan kiɗa a masana'antar mahaifinsa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an horar da matuƙa masu yawan gaske a cikin irin wannan akwati. Da kwamfuta ta shigo gidaje, sai kamfanin Microsoft ya fito da tasa manhajar a 1982, kuma har yau ana sabunta ta, sai dai ta kuɗi ce, sababbin fitowarta kuma suna bukatar kwamfuta mai ƙarfi da intanet mai gudu.

Wadda muka zaɓa mu yi bayani a kanta sunanta FlightGear. Wasu masu sha'awar jirage ne suka fara aikinta a 1996, ta fara fitowa a 1997, kuma 'yan sa-kai daga ƙasashe daban-daban ne suke ci gaba da gina ta. Kyauta ce, kuma ƙa'idar da aka sake ta a kai ta yarda mutum ya kwafa ya ba wani, saboda haka malamin da ya ɗauke ta a filash ya zuba a kwamfutoci goma na makarantarsa bai ci haƙƙin kowa ba. Tana aiki a kan Windows da Linux da Mac. Abin da za mu faɗa a kanta, wanda yake amfani da wata manhajar dabam ma zai tsinci abin amfani a ciki, domin tambayoyin iri ɗaya ne: wane jirgi, wane fili, wane lokaci, wane yanayi, kuma nawa kwamfutarka za ta iya ɗauka.

Idan ka buɗe manhajar, ba kai tsaye take jefa ka cikin jirgi ba. Akwai wani allo na farko wanda mu muke kira zaure, domin a nan baƙo yake tsayawa kafin ya shiga gida. A gefensa akwai shafuka: Aircraft na zaɓen jirgi, Location na zaɓen wuri, Environment na lokaci da yanayi, Settings na sauran tsare-tsare, sannan maɓallin Fly na tashi. Kuskuren mai ɗoki shi ne ya tsallake shafuka huɗun nan ya danna na biyar.

WANE JIRGI?

Kowane yaro babban jirgin fasinja yake so, irin wanda yake ganin yana ɗaukar alhazai. Amma babu direban da ya fara koyon tuƙi da tirela. Jirgin da manhajar take zuwa da shi, wato Cessna 172P, shi ne daidai da mai koyo. Ƙaramin jirgi ne mai kujera huɗu da farfela guda a hanci. An fara ƙera irinsa a 1956, an kuma ƙera fiye da 44,000, babu wani jirgi a duniya da aka yi da yawa kamarsa, kuma a cikinsa ne ɗimbin matuƙa suka fara koyo. Yana ɗaga hanci daga ƙasa idan gudunsa ya kai not 55, yana hawa da kamar not 70 zuwa 80, yana kuma gangarowa sauka da not 60 zuwa 70. Not ɗaya kilomita 1.852 ne a sa'a, ke nan not 55 ya ɗan haura kilomita 100 a sa'a, gudun da motar haya take yi a kan hanya mai kyau. Abu yana faruwa a hankali, mai koyo yana da lokacin da zai yi tunani.

Za ka tarar da injinsa a kashe, domin haka ake tarar da jirgi na gaske. A makon farko babu laifi a yi amfani da umarnin Autostart da ke cikin jerin sunan jirgin a saman allo, wanda zai tayar da komai da kansa. Amma daga mako na biyu muna ba da shawara a bi jerin dubawa ɗaya bayan ɗaya, wani ɗalibi yana karantawa wani yana aikatawa, kamar yadda matuƙa biyu suke yi. Kada kuma a manta da birkin ajiya, wanda ake saki da Shift da harafin B. Sau da yawa za ka ga yaro ya ba jirgi totur har ƙarshe, inji yana ruri, jirgi ko motsi, ashe birki ne a ɗaure.

WANE FILI?

Dalilin da ya sa mutum yake tsintar kansa a baƙuwar ƙasa shi ne, kowace fitowa ta manhajar tana da filin da take farawa da shi. Shekaru da dama San Faransisko ce ta Amurka, daga baya aka riƙa canjawa, fitowar 2020 kuma ta zo da filin Keflabik na ƙasar Aisilan, can kusa da ƙarshen arewacin duniya. Ga wani abin lura: agogon Aisilan daidai yake da agogonmu na Gana, amma a watan Disamba rana takan faɗi a can tun wajen ƙarfe uku da rabi na yamma. Yaron da ya taso makaranta ya kunna kwamfuta ƙarfe biyar, ya bar lokaci a kan agogon gaskiya, dole ne ya tarar da dare. Kwamfutarsa lafiya lau take, darasin labarin ƙasa ne ya zo masa ba sallama.

Maganin wannan shi ne ka dawo da jirgin gida. Kowane babban filin jirgi a duniya yana da laƙabi mai haruffa huɗu wanda hukumar kula da zirga-zirgar jirage ta duniya ta tsara, kuma da shi ake neman fili a shafin Location. Namu na Gana duk da DG suke farawa: Akra DGAA, Kumasi DGSI, Tamale DGLE. Na Nijeriya da DN suke farawa, Kano ita ce DNKN. Na Nijar da DR, Yamai DRRN, Damagaram DRZR. Garwa ta Kamaru FKKR, Injamena ta Cadi FTTJ. Wanda kakanninsa suka taso daga Kano da fataucin goro, ga dama ta samu ya bi sawunsu ta sama.

Mu dai Tamale muke zaɓa wa mai koyo. Ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce, babu dutsen da zai tsorata shi, kuma fili ne da jama'armu suka sani, tun da daga 2016 aka fara ɗaukar alhazan arewa kai tsaye daga can. Sai dai kada ku yi mamaki idan titin jirgin ko gine-ginen da ke cikin manhajar sun bambanta da abin da ke wurin yau, domin taswirar tana iya girmar gyare-gyaren da aka yi. Haka nan kada wani ya sa rai zai hango rufin gidansu. Abin da zai samu daidai shi ne matsayin filin a doron ƙasa, da fuskar da titin ya kalla, da tsayin wurin daga teku.

Bayan fili sai titi. A Tamale za ka ga lambobi biyu, 05 da 23, ka ɗauka tituna biyu ne, alhali titi ɗaya ne mai baki biyu. Lambar tana nuna fuskar da jirgi zai kalla a kan kamfas, an cire sifirin ƙarshe: 05 na nufin wajen digiri 50, wato arewa maso gabas, 23 kuma wajen digiri 230, wato kudu maso yamma. Tsakanin lambobin biyu kullum 18 ne, domin rabin da'ira digiri 180 ne. Jirgi kuwa yana tashi yana kuma sauka ne yana fuskantar iska, saboda iskar da ke bugo fukafukansa daga gaba tana taimaka masa ya ɗaga da wuri. Yanzu ku tambayi kowane manomi: daga ina iskar hunturu take zuwa? Daga arewa maso gabas. Ta damina fa? Daga kudu maso yamma. Ashe ke nan da hunturu 05 za ka zaɓa, da damina kuma 23. Abin da muke fama mu cusa wa yara a kan allo da zanen kibiya, ga shi ya zama abin da idan suka kuskure za su ga jirginsu ya cinye titi mai tsawo kafin ya tashi.

LOKACI DA YANAYI

A shafin Environment, mai koyo ya zaɓi safiya ko tsakar rana, ya bar dare sai hannunsa ya faɗa. A nan ma akwai abin da ya kamata ɗan Gana ya sani. Duk matuƙan duniya da agogo ɗaya suke aiki, wato agogon Girinwic, wanda suke sa wa alamar Z. Layin Girinwic ɗin nan ta garin Tema ya ratsa, saboda haka agogon matuƙa shi ne agogon da ke hannunmu. 'Yan'uwanmu na Kano da Yamai da Garwa sai sun rage sa'a ɗaya daga nasu kafin su same shi.

Game da yanayi, manhajar tana iya ɗauko rahoton gaskiya ta intanet, ta ba ka iskar da ke kaɗawa a filin a wannan sa'a. Abin sha'awa ne, amma ba na mai koyo ba ne, domin idan yau hadari gobe hazo, ba zai taɓa gane ko hannunsa ne ya gyaru ko iska ce ta sauya ba. A kashe wannan, a zaɓi yanayi mai kyau wanda aka rubuta wa Fair weather, a tsaya a kansa har sai ɗalibi ya sauka sau goma a jere ba tare da ya bar titi ba.

Bayan nan ne abin yake daɗi, domin akwai akwatin da za ka rubuta yanayin da kake so da kanka, da irin rubutun da ma'aikatan filin jirgi suke yi, wanda ake kira METAR. Ga misali da muka tsara na ranar hunturu:

DGLE 151200Z 05010KT 3000 HZ NSC 33/05 Q1012

Ma'anarsa ita ce: filin Tamale, ranar 15 ga wata, ƙarfe 12 na rana agogon Z, iska daga digiri 50 da gudun not 10, ido yana kaiwa mita 3,000 kawai, akwai hazo, babu wani girgije na a zo a gani, zafi digiri 33, ɗaya lambar kuma tana nuna iskar a bushe take ƙwarai, nauyin iska 1012. Ka rubuta wannan, ka tashi, ka yi nisa kaɗan ka juyo neman titi. A nan ne yaro zai gane dalilin da ya sa ake soke tashin jirage idan hazo ya yi kauri, ya daina cewa ai lalacin ma'aikata ne.

Sai kuma ka canja lamba ɗaya tak, ka mai da 33 ta zama 40, irin zafin watan Maris. Iska mai zafi ba ta da kauri, fukafuki da farfela ba sa samun abin kamawa sosai. Matuƙa suna da wani lissafi na kimantawa: a bakin teku ana ɗaukar digiri 15 a matsayin zafi na ƙa'ida, yana raguwa da kamar digiri 2 a kowace ƙafa 1,000 da aka hau, kuma kowane digiri ɗaya da zafin ranar ya ɗara na ƙa'ida, kamar an ɗaga filin ne sama da ƙafa 120. Tamale tana wajen ƙafa 550 daga teku, zafinta na ƙa'ida wajen 14 ke nan. A cire 14 daga 40, saura 26. A ninka 26 sau 120, an sami 3,120. A haɗa da 550, jirgi zai ji kamar daga fili mai tsayin ƙafa 3,670 yake tashi. Ɗalibi ya yi lissafin a takarda, sannan ya gwada ya ga yadda jirgin yake nauyin tashi. Ba mu san wata hanya da ta fi wannan saurin nuna wa yaro amfanin sau da ɗebewa ba.

Kafin a saki birki, a dubi agogon da ke nuna tsayi. Akwai ɗan maɓalli a gindinsa, a murɗa shi har allurar ta nuna tsayin filin da ake ciki: wajen ƙafa 550 a Tamale, wajen 200 a Akra, fiye da 1,500 a Kano. Da ƙafa ake auna tsayi a yawancin harkar jirage, ƙafa ɗaya kuwa ta ɗan ɗara santimita 30. Akwai hanyar sauya wasu ma'aunai zuwa mita, amma gara yaro ya saba da abin da zai tarar a waje.

ƘARFIN KWAMFUTA DA KUƊIN DATA

Yanzu mun zo inda takalmi yake matsa yawancinmu. Kwamfutocin da ke makarantunmu da gidajenmu galibi na hannu ne, data kuma da tsada. Manhajar ba ta zuwa da taswirar duniya baki ɗaya. Akwai wani ɓangare nata mai suna TerraSync wanda yake sauko da taswirar duk inda ka nufa ta intanet, kana tafiya yana jawowa. Idan ka bar shi a kunne, yaro ya yi ta tsalle daga Landan zuwa Makka zuwa Tokiyo, datar wata za ta ƙare a yini guda. Idan kuma ka kashe shi tun ba ka sauko da komai ba, ka zaɓi Tamale, sai ka ga jirginka a tsakiyar teku, ruwa gabas ruwa yamma, domin duk inda manhajar ba ta da taswira ruwa take nunawa.

Dabarar ita ce a kunna shi rana ɗaya a inda intanet yake da sauƙi, a buɗe filayen da ake bukata ɗaya bayan ɗaya, a ba shi lokaci ya gama, a yi shawagi a kewayen kowanne, sannan a koma Settings a kashe shi. Abin da ya sauko yana nan a ajiye cikin folda mai suna TerraSync. An yanka duniya ne gida-gida bisa layukan taswira, har za ka ga gidan Tamale sunansa w001n09, wato digiri ɗaya yamma, tara arewa, na Akra kuma w001n05. A kwafe foldar baki ɗaya a filash a zuba wa sauran kwamfutocin. Mutum ɗaya ya biya, aji guda ya amfana.

Maganar tsayawar hoto kuma, ku sani kwamfuta tana zana hotuna ne da yawa a kowace daƙiƙa, ido ya gan su kamar motsi. A cikin jerin View akwai inda za ka sa ta nuna maka adadin a kusurwar allo. A gwajinmu, idan adadin ya gaza 15 sauka tana wuya, domin kafin ka ga jirgi ya karkata ya riga ya yi nisa. Daga 25 zuwa sama kuwa babu damuwa. Abubuwan da suke cinye ƙarfin kwamfuta yawancinsu ado ne: itatuwa, gine-ginen da ake warwatsawa, gizagizai masu kauri, inuwa, ƙyallin ruwa, da sauran jiragen da manhajar take tuƙawa da kanta don fili ya yi kama da na gaske. A rage su a Rendering Options, a kuma ƙanƙanta girman tagar. Jirgin da iskar da agogunan duk suna nan yadda suke, ba a taɓa karatun ba.

Sandar tuƙi tana da daɗi ga mai hali, amma rashinta ba ya hana koyo. Idan ka danna Tab, linzamin kwamfuta zai koma abin tuƙi: dama da hagu karkata, gaba da baya sunkuyar da hanci da ɗaga shi. Page Up da Page Down su ne totur, harafin P tsayar da komai, V kuma sauya inda kake kallo. Abu ɗaya da zai ba mai linzami wahala shi ne jelar jirgi, wadda matuƙi na gaske yake juyawa da ƙafafunsa. Da ka ba Cessna wuta za ka ga tana jan hagu saboda juyin farfela. Akwai saitin da yake haɗa jela da abin tuƙi su riƙa tafiya tare, kuma muna ba duk wanda ba shi da matakan ƙafa shawara ya kunna shi.

INDA AKE RUBUTA SAITIN

Duk abin da muka lissafa ana iya rubuta shi a matsayin umarni, kowanne a layinsa, yana farawa da karan ɗori biyu. Akwai akwati a ƙasan shafin Settings da ake zuba irin waɗannan layuka, akwai kuma wani fayil mai suna fgfsrc wanda manhajar take karantawa duk sanda za ta tashi. Ga waɗanda muke ganin sun dace da tsohuwar kwamfuta:

--timeofday=morning
--disable-real-weather-fetch
--disable-terrasync
--disable-ai-traffic
--disable-random-objects
--disable-random-vegetation
--disable-clouds3d
--enable-auto-coordination
--geometry=1024x768

Na farko safiya, na biyu kashe yanayin intanet, na uku kashe saukar taswira, na huɗu zuwa na bakwai rage ado, na takwas haɗa jela da abin tuƙi, na tara girman taga. Mai amfani da fayil yana iya ƙara --aircraft=c172p da --airport=DGLE da --runway=05. Amma mai bi ta zaure ya zaɓi jirgi da fili a shafukansu, kada ya faɗi abu ɗaya a wuri biyu, domin ranar da maganganun suka saɓa zai rasa wanne manhajar ta bi. A kula da rubutu ƙwarai, harafi ɗaya idan ya kauce ba za ta gane ba.

Ga malamai masu kwamfutar da hannu da yawa suke taɓawa, ku lura cewa manhajar tana tuna canje-canjen da aka yi mata a ciki, ta ajiye su idan an rufe ta. Yaro ɗaya mai ƙiriniya zai iya birkita ta a bar wa na bayansa. Idan haka ta faru ba sai an goge ta an sake zubawa ba. A sa layin --restore-defaults a tayar da ita sau ɗaya, komai zai koma yadda ya zo, sannan a cire layin. Muna kuma roƙo a ajiye ƙaramin littafi kusa da kwamfutar, duk wanda ya canja wani abu ya rubuta kwanan wata, da abin da ya canja, da abin da ya gani. Kuma abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda. Wanda ya murɗa abu biyar tare, ko an samu gyara bai san wanne ya kawo shi ba. Wannan ita ce ƙa'idar gwaji da muke koyarwa a darasin kimiyya, kuma ita ce ɗabi'ar da ake nema ga duk wanda za a damƙa wa rayukan mutane.

GA IYAYE

Gaskiya ɗaya ce, sa'o'in da yaro ya yi a kan kwamfutar gida ba za su ba shi lasin tuƙin jirgi ba, wannan sai makarantar da hukuma ta yarda da ita, kuma kuɗinta ba kaɗan ba ne. Amma harkar jirage ba matuƙi kaɗai take ɗauka ba. Akwai masu ba da umarni daga hasumiya, da masu duba yanayi, da injiniyoyi, da masu tsara tafiya, kuma dukkansu suna bukatar lissafi, da labarin ƙasa, da Turanci, wanda shi ne harshen da ake magana da shi a sararin sama tsakanin ƙasashe. Kada kuma a ture 'yan mata daga kujerar. Tun a 1964 Melody Danquah, 'yar ƙasar nan, ta tuƙa jirgin sojan sama ita kaɗai.

A sa wa abin lokaci, bayan an gama aikin gida da karatun allo. Akwai saitin da yake haɗa mutum da wasu matuƙa ta intanet har su yi hira. Ga yara ƙanana a bar shi a kashe. Wanda hannunsa ya faɗa, akwai zaɓi a shafin Location da zai fara shi a sama, 'yan milamilai kafin titi, ya yi ta maimaita sauka, wadda ita ce mafi wuya. Waɗanda suka wuce nan kuma ga aikin hutu: a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1940, ana kawo jirage cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi, a harhaɗa su, a tuƙa su ta Ikko da Kano da Maiduguri, su ratsa Cadi da Sudan har Alƙahira. A ɗauko taswira, a nemo laƙabin kowane fili, a raba tafiyar zango-zango.

Kamar kullum, ga tambayoyinmu ga ɗalibai. Ta farko: ɗaya bakin titin jirgin Akra lambarsa 03, mece ce lambar ɗaya bakin, kuma wanne za ka zaɓa idan iskar damina tana kaɗawa? Ta biyu: jirgin da ke hawa da not 70, kilomita nawa yake yi a sa'a? A aiko da amsa ta hannun edita, a rubuta suna da aji da makaranta, a kuma nuna yadda aka yi lissafin, domin amsa ba aiki ba ma karɓa. Za mu buga sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba.

Sai wata mai zuwa, idan Allah ya kai mu. A gaida yara.